Ƙurar da ba ta hawa sikeli

Jama'a masu saurare barkanmu da war haka. Toh yau maganar iska ce za mu yi, iskar da muke shaƙa a nan Makka, daga titin Shari'a Mansur har ramukan nan na motoci da ke kaiwa Mina.

Mu dai in an ce ƙura, hankalinmu kan guguwa yake, wadda ke rufe gari ta cika maka baki da yashi. Ita wannan ai da sauƙi, kana ganinta ka ja rawani ka rufe hanci. Akwai wadda ta fi ta sharri, ƙwayoyin da ba su kai nanomita 100 ba, wato sai ka tsaga silin gashi ɗaya gida ɗari bakwai kafin ka kai girmansu, kuma su ne ke fitowa daga salansar bas mai dizal, har ma daga kaskon turaren wuta da Hajiya ke zagayawa da shi ɗaki ta rufe taga. Suna wucewa can ƙasan huhu, wasu su ratsa cikin jini.

Matsalar awo fa a nan take. Yadda aka saba shi ne a zuƙo iska ta cikin matata, a ɗora matatar a sikeli, a ce ga PM10 ga PM2.5, wato nauyin ƙurar da ƙwayoyinta ba su wuce maikiron 10 ba, da na wadda ba su wuce maikiron 2.5 ba (maikiron ɗaya nanomita dubu ne). Amma ƙwaya ɗaya mai maikiron 10 nauyinta ya kai na waɗannan ƙanana miliyan guda, kun ga ke nan sikeli zai ce lafiya lau alhali wurin cike yake. Dole sai dai ƙirge. Kuma dabarar tsohuwa ce wallahi, wani ɗan Sikotilan John Aitken ya fara ta tun wajen 1888: a bi da iskar cikin tururi, tururin ya taru a jikin kowace ƙwaya ta kumbura ta zama ɗigo, sannan a ƙirga. Injinan yanzu da tururin butanol, wani sinadari dangin alkohol, ko na ruwa suke yi, hasken leza ya yi ƙirgen.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in matsakaicin yini ya haura ƙwaya 10,000 a sentimita kubik ɗaya, ɗan wurin da bai kai kan yatsa ba, to ya yi yawa.

Ni abin da ya dame ni shi ne inda ake kafa injin. Yawan ƙwayoyin nan raguwa yake sosai in ka yi nisa da titi, saboda haka in ka ɗora shi saman bene, ba iskar ɗan'uwanmu mai tura keken alhazai ka auna ba, shi da yake yini a bayan bas injin na kunne. A sauko da shi daidai hancinsa, a lokacin aikin Hajji, sannan a karanto mana lambar.