Tarin tsohon doki da majinarsa: ba kowanne ne mura ba

Wannan lacca ce da wani likitan dabbobi ya gabatar wa masu dawaki da yaran barga a Kano, ana tsakiyar hunturu. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici da gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Iyayenmu, Alhazai, ranku ya daɗe. Ku kuma samarin barga da kuka rakuɓe can baya, don Allah ku matso, rabin maganar nan taku ce. Mai doki da yamma yake ganin dokinsa in za a fita kilisa, ko ranar hawa. Ku ne kuke ganinsa da asuba, ku ne kuke jin tarin farko.

Ban san sau nawa aka bugo mini waya aka ce, "Likita, tsohon nan mura yake yi, zo ka yi masa allura" ba. Ban je ba, ban gani ba, an riga an raɗa wa ciwo suna, an yanke magani. Mura kam tana nan, za mu zo kanta. Amma dokin da ya haura shekara 15, in yana tari yana zubar da majina, ba ita nake fara zargi ba, sai in annobarta ake yi a gari. Ƙura nake fara zargi, sai haƙori.

Kafin ku kira ni, ku duba mini abu uku. Majinar ta hanci ɗaya take zuba ko ta biyun? Tana wari? Jikinsa da zafi? Zafin nan ba da tafin hannu ake gane shi ba. Ma'aunin zafi na kemis ya isa, a sa ta dubura. Lafiyayyen doki zafin jikinsa yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas. Ku ƙirga numfashinsa kuma yana tsaye yana hutawa, sau 8 zuwa 16 ne a minti ɗaya. Ku riƙe wannan ma: doki ba ya numfashi ta baki. Ni da ku in hanci ya toshe sai mu wangale baki mu ci gaba da harkarmu, shi Allah bai ba shi wannan ba.

To, ƙura. Akwai ciwon da a mutum muke ce wa fuka ko asma, doki ma yana da nasa, kuma ya fi kama wanda ya manyanta. Ba zazzaɓi, yana cin abincinsa, idonsa garau, amma da an fara tafiya sai tari, ko da an zuba masa harawa sai tari. Majina fara ce ko ruwa-ruwa, ta hanci biyu, ba wari. Ka tsaya a gefensa ka kalli cikinsa, za ka ga sau biyu yake fitar da numfashi ɗaya: ya saki, sannan ya matse ciki ya turo sauran. In abin ya daɗe har wani layi yake fitowa a gefen ciki, daga kwiɓi ya gangaro ƙasan haƙarƙari, don naman wurin ya yi ƙwanji saboda aikin turo iska. Na taɓa ganin mai doki yana shafa layin nan yana alfahari wai dokinsa ya murɗe. Wahala ce ta murɗe shi.

Me ke kawo ta? Ku je rumfar da kuka jibge harawa, ku ɗauki dami ɗaya, ku karkaɗa shi a hasken rana. Hayaƙin nan da za ku ga yana tashi, ba ƙasa kaɗai ba ce, akwai fumfuna a ciki, musamman harawar da aka ɗaure ba ta gama bushewa ba ko ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta. Doki kuwa hancinsa yake cusawa cikinta na tsawon sa'o'i. Ƙara da busasshiyar dusa, ƙara da hazon hunturu, ƙara da barga da aka toshe kowace kafa da buhu wai kada sanyi ya kama shi, ga zarnin fitsari ba inda zai fita. Sannan yaro ya shigo da tsintsiya ya yi ta shara doki na ɗaure a turke. Wallahi ko ni aka ɗaure a wurin sai na yi tari.

Maganin wannan rabinsa ba a kwalba yake ba. A tsoma harawa cikin ruwa kamar minti 15 zuwa 30 kafin a ba shi, a tsame, a ba shi nan take. Kada a bar ta ta kwana a jiƙe, za ta lalace. A yayyafa wa dusa ruwa. A ajiye abinci a ƙasa, kan wuri mai tsabta, domin in ya sunkuyar da kai majinar da ke maƙogwaro tana samun hanyar gangarowa. A fitar da shi kafin shara, a yayyafa ruwa, a bari ƙura ta lafa. A buɗe wa barga iska. In sanyi kuke tsoro ku rufa masa bargo a jiki. Harawar da ta yi fumfuna kuwa a zubar. Na san tsadarta, na san da zafi, amma kuɗin magani ya fi.

Sai haƙori, kuma a nan zan ba ku labari. An taɓa kai ni gidan wani dattijo, yana da wani fari da ya kai shekara 18, dokin da ya yi ta hawan salla da shi har ya saba da ƙarar bindiga. Wata uku ana yi masa allurar da aka sayo a kasuwa. In an yi sai majina ta ragu, bayan mako ta dawo. Ina shiga barga wari ya tare ni tun daga ƙofa. Majinar rawaya ce, mai kauri, ta hancin hagu kaɗai, na dama fes. Na duba ƙasan turke sai ga dunƙule-dunƙulen harawa da ya tauna ya tofar, kashinsa kuma ga dawa nan ƙwaya-ƙwaya ba ta narke ba. Muka kwantar masa da hankali da allura, muka buɗe baki da ƙarfen buɗe baki, na haska tocila. Turmin sama na can ciki ya tsage, abinci ya cushe a tsagar ya ruɓe.

Abin da ya haɗa haƙori da hanci shi ne, turamen sama shida ne a kowane gefe, kuma saiwoyin na can ƙurya suna cikin wani kogo ne a ƙashin fuska, kogon kuwa ƙofarsa cikin hanci take. In saiwa ta ruɓe, mugunya ta cika kogon, ta hanci za ta fito, ta gefen da haƙorin yake. Ko buhun allura aka yi masa, muddin haƙorin na nan, mugunya na nan. Da aka cire shi aka wanke kogon, magana ta ƙare. Shi ya sa nake cewa tsohon doki a riƙa duba bakinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Haƙorin doki kullum cinyewa yake yana ƙara turowa daga ƙasa, in shekaru suka ja sai abin turowar ya ƙare, ga giɓi, ga tsini yana yankar kunci.

Rashin haƙorin nan yana jawo wani abu mai firgitarwa. Ya haɗiye abinci bai tauna ba, ya tsaya masa a hanyar abinci, sai ku ga yawu da dusa ko koren ruwan ciyawa suna bulbulowa ta hanci biyu, yana miƙa wuya yana tari. Doki ba ya amai, saboda haka in kun ga abinci a hanci, shaƙewa ce. Ku janye abinci da ruwa, ku bar kansa a sunkuye, ku kira likita. Sau da yawa takan wuce da kanta, amma ba a zura ido.

Yanzu masu zazzaɓi, su kuma masu yaɗuwa ne. Murar dawaki ta gaske, infuluwenza, farat ɗaya take zuwa: zafi har 40 ko 41, busasshen tari mai ƙarfi, kafin kwana biyu ko uku barga duk ta ɗauka. Wasunku sun tuna ƙarshen 2018 zuwa 2019, da ta ratsa Sakkwato da Nijar har Senegal, jakuna suka yi ta faɗuwa. Ita hutu take so, mako uku aƙalla, ko da ya ga kamar ya warware. Akwai kuma wanda Turawa ke ce wa sitarangul, mai kama da hangum: kaluluwa ta kumbura a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta nuna ta fashe, majina kamar kindirmo. Ya fi kama ƙanana, amma tsoho ma yana ɗauka, kuma wani dokin yakan warke a ido alhali yana ɗauke da ƙwayar yana rabawa ta bokitin ruwa. Don haka sabon doki, ko daga Mai'aduwa aka sayo shi ko kyauta aka aiko, a ware shi mako uku da bokitinsa. In kuwa da damina ne, kuka ga zazzaɓi, ramin da ke saman ido ya kumbura ya ciko, ga kumfa na fita ta hanci, wannan annobar dawaki ce da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa. Tana kisa da sauri. A sanar da hukumar dabbobi, a ɗebi jini a aika cibiyar bincike ta Vom a Filato.

Wanda yake kiwon dokinsa tare da jakuna ya gaya wa likita, domin akwai tsutsar huhu da jaki ke ɗauke da ita lafiya lau, doki kuwa ta sa shi tari. Jini ta hanci ɗaya ba tare da sukuwa ko buguwa ba, ko da cokali ɗaya ne, ranar nan za a kira likita, ba gobe ba.

Na'am, Baba, ina ji. Baba yana tambaya a kan allurar dekisa, wato dexamethasone mai rage kumburi, ya ce da an yi tari yake tsayawa. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, tana tsayar da tarin ƙura, mu ma muna amfani da ita, da awo. Amma tana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta, in ƙwayar cuta ce a huhu ka ƙara mata gudu ke nan. Sannan akwai tsofaffin dawakin da za ka ga gashinsu ya yi tsawo ya ƙi zubewa ko da bazara, suna yawan shan ruwa, bayansu ya rame. Wata ƙaba ce a ƙasan ƙwaƙwalwa take rikicewa da tsufa. Irin waɗannan dekisa tana iya jefa su ciwon kofato, doki ya tsaya ya kasa taka ƙasa.

Ɗura kuma da wancan yaron ya ambata, a ɗaga kan doki sama a tuttula masa jiƙo ko man gyaɗa, wani ma ta hanci, don girman Allah a daina. Kai a ɗage ba ya haɗiya daidai, abin huhu yake wucewa, kuma mai in ya shiga huhu ba ya fita. Na buɗe gawar dokin da aka yi wa haka, huhunsa na ƙasa ya yi baƙi yana ɗoyi, alhali tarin harawa ne kawai ya fara da shi. In dole sai an ba da magani ta baki, a kwaɓa shi da ɗan zuma ko dusa, ko a sa a sirinji marar allura a shafa a bayan harshe, kai a daidai. Akwai wata tambayar? To, Shamaki, bismilla, a kawo farin nan da kuka ce, mu duba bakinsa tun da sauran rana.