Cinikin Biri a Sama: Wa Ya Mallaki Wasan da Ka Saya?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na sharhi.

Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2024, kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya kashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da wani wasan bidiyo na tseren motoci mai suna The Crew. Wasan ya fito ne a ƙarshen 2014, kuma abin da ya ja mutane gare shi shi ne an ɗauko taswirar Amurka gaba ɗaya an matse ta cikinsa, mutum ya tashi mota daga gabar gabas ya yi ta tuƙi har gabar yamma. Washegarin ranar da aka kashe kwamfutocin, wanda ya ɗauko kwalin wasansa, ya ciro faifan nan da ya adana shekara tara babu ko ƙarzane, ya zura a na'ura, zai ji faifan yana juyawa kamar kullum. Sunan wasan zai bayyana a allo. Daga nan sai saƙo ya fito cewa an kasa haɗuwa da kamfani, shi ke nan. Na'urarsa lafiya lau, faifansa lafiya lau, kuɗinsa ya biya tuntuni, amma wasa babu. Ko da kai kaɗai kake son yin tuƙinka ba tare da kowa ba, an gina wasan ne yadda sai ya nemi izinin kamfani kafin ya buɗe. Waɗanda suka saya ta intanet kuwa, bayan 'yan kwanaki suka tarar an janye lasisin daga asusunsu.

Da wasu 'yan wasa biyu suka kai ƙara kotu a jihar Kalifoniya, lauyoyin kamfanin ba su yi ɓoye-ɓoye ba. Suka ce ai tun farko ba a sayar wa kowa wasan ba, lasisin amfani aka ba su, mai iyaka. To, in haka ne, me mutum ya saya ranar da ya miƙa kuɗinsa?

An daɗe ana musu tsakanin masu son faifai da masu son saukewa ta intanet, kowane ɓangare da hujjarsa. Mai faifai yana da doka tsohuwa a bayansa. Tun a 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan wani kamfanin ɗab'i da ya buga gargaɗi a cikin littafinsa cewa kada wanda ya sayar da shi ƙasa da dala ɗaya. Kotu ta ce da zarar ka sayar da kwafin, hannunka ya fita daga kansa. Wanda ya saya yana iya sayarwa, ya ba da aro, ya yi kyauta, ko ya jefar. A kan wannan ƙa'ida kasuwar wasanni na hannu ta tsaya shekara da shekaru. Ka gama wasa, ka kai shi shago, a rage maka kuɗin wani. Aboki ya zo ya ara na mako guda, ya dawo da shi bayan wata uku, kwalin ya tsage. Duk wannan ba ruwan kamfani.

Mai saukewa shi ma ba wawa ba ne, kada a raina masa hankali. Tun da kamfanin Valve ya buɗe Steam, dandalin sauke wasanni ta intanet, a 2003, mutum yana zaune a ɗakinsa ya sami wasa cikin dare, babu layi, babu "ya ƙare sai wani mako". Ana yin rangwame mai yawa. Ƙananan masu ƙirƙira, mutum biyu ko uku da ba su da kuɗin buga faifai da jigilarsa, sun samu hanyar kai aikinsu ga duniya. Wannan alheri ne, kuma babu mai son a koma baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar da aka rubuta a jikin madannin: Saya. Ka danna, a cire kuɗinka, amma doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke wucewa da sauri ya danna "na amince" tana cewa wani abu daban. Ba za ka iya sayar da wasan ba. Ba za ka iya ba wa wani shi dungurungum ba. In aka rufe asusunka, duk abin da ka tara ya tafi tare da shi. A 2024 wani ya tambayi ma'aikatan Steam ko zai iya barin asusunsa ga magadansa a cikin wasiyya, suka amsa masa cewa asusun ba ya komawa hannun wani. Mutum ya kwashe shekara ashirin yana tara ɗaruruwan wasanni, kuma a ƙa'idance ranar da ya rasu kayan sun bi shi. Ni dai ban san wata dukiya da ake saya da kuɗi amma ba ta shiga rabon gado ba, sai abin da dama haya ne.

Ba a ɓoye dalilin da ya sa kamfanoni ke tura mutane wannan hanya. Duk lokacin da aka sake sayar da faifai na hannu, ko sisi ba ya shiga aljihun wanda ya ƙirƙiri wasan. A intanet kuwa babu kuɗin bugu, babu jigila, babu rabon mai shago, babu na hannu. Mai kantin intanet yakan ɗauki kusan kashi 30 cikin ɗari na kowane ciniki. Kuma idan na'urarka ba ta da ramin faifai, kanti ɗaya tak kake da shi a duniya, na kamfanin da ya ƙera na'urar, farashin da ya yanka shi ne farashi. Shi ya sa da kamfanin Sony ya fitar da na'urar wasansa PlayStation 5 a 2020 ya yi ta kala biyu: mai cin faifai dala 499, marar ci dala 399. Dala ɗarin da aka rage maka ba kyauta ba ce, za a karɓe ta a hankali. Zuwa ƙarshen 2024, da PlayStation 5 Pro ta fito a kan dala 699, ramin faifan ma ba a saka ba, sai dai ka saye shi daban ka maƙala.

Abin dariya, wannan Sony ɗin shi ne gwarzon masu faifai a 2013. A shekarar ce Microsoft ya sanar da cewa sabuwar na'urarsa Xbox One za ta riƙa tuntuɓar kamfani ta intanet sau ɗaya a kowace awa 24, kuma za a taƙaita aro da sayar da wasanni na hannu. Aka yi ca a kansa. Sony ya fitar da wani ɗan gajeren bidiyo da bai kai rabin minti ba, wai yana koyar da yadda ake ba da aron wasa a PlayStation 4. Shugaban sashen wasanninsu na lokacin, Shuhei Yoshida, ya ɗauki kwalin wasa ya miƙa wa abokin aikinsa Adam Boyes, shi kuma ya karɓa ya yi godiya. Darasin ke nan, ya ƙare. Duniya ta kwashe da dariya, kuma cikin 'yan kwanaki Microsoft ya janye tsarin. Sai dai abin da aka ƙi karɓa a rana ɗaya, an shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin shekara goma, kuma ba a ji wani ihu ba.

Yanzu wanda ya ce "ni faifai nake saya, ba abin da ya dame ni", ina ganin ya ɗan sake duba abin da ke cikin kwalin. A 2022, da aka bincika faifan wasan Call of Duty: Modern Warfare II, abin da ke ciki bai fi megabait 70 da ɗoriya ba, alhali wasan kansa ya haura gigabait 100, sama da ninki dubu ke nan. Wato faifan makulli ne kawai, ɗakin yana can wurin kamfani. Nintendo, wanda aka sani da katin wasa tun zamanin da, ya fito da na'urarsa Switch 2 a watan Yunin 2025 tare da wani sabon nau'in kati da babu wasa a cikinsa. Ka saka katin, ya buɗe maka hanyar sauke wasan daga intanet. A yi masa adalci, wannan katin kana iya sayar da shi ko ka ba da aro, domin ba a ɗaure shi da asusunka ba. Amma ranar da aka daina ba da damar saukewa, ɗan guntun roba ne a hannunka. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kuma kantunan nan ana rufe su. Nintendo ya rufe sayayya a kantin na'urorinsa Wii U da 3DS a watan Maris na 2023. Microsoft ya rufe na Xbox 360 a watan Yulin 2024. An bar wa waɗanda suka riga suka saya damar sake saukewa, amma wasannin da babu su a ko'ina sai a waɗannan kantuna, wanda bai saya kafin a rufe ba ya rasa hanyar halal ta samunsu. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Akwai wani ɗan wasan tsoro mai suna P.T. da kamfanin Konami ya raba kyauta a 2014, ya cire shi a 2015 har da hana sake saukewa. Sai ga mutane suna tallar tsofaffin na'urorinsu da tsada, don kawai wasan yana kwance a ciki.

Su ma kamfanonin suna da abin faɗa, kuma ba duka ne shirme ba. Kwamfutocin da ke riƙe da wasa suna cin kuɗi kowane wata, ko mutum goma ne suka rage suna bugawa. Motoci da waƙoƙin da ke cikin wasa da lasisi aka same su, kuma lasisi yana da wa'adi. Wani lokacin ma ana yin abin da ya dace: da Google ya rufe Stadia, dandalinsa na buga wasa ta intanet, a watan Janairun 2023 ya mayar wa mutane kuɗin wasanninsu, haka Sony ya yi da wasan Concord, wanda ya janye makonni biyu kacal bayan fitowarsa a 2024. Amma ku lura, kamfanin ne ya ga dama. Wuƙa da nama suna hannunsa. Masu The Crew da suka saya tun shekarun baya ba su ga ko kwabo ba.

A farkon 2024 wani jami'in Ubisoft mai kula da tsarin biyan kuɗin wata-wata, Philippe Tremblay, ya faɗa a wata hira cewa sai 'yan wasa sun saba da rashin mallakar wasanninsu, kamar yadda masu kallon fina-finai suka saba. An zage shi sosai. Ni kuwa ba da shi nake faɗa ba. Wanda ya biya kuɗin wata a Game Pass, tsarin wata-wata na Microsoft, ya san haya ya kama, wata ya ƙare ya sake biya ko ya tashi, babu yaudara a ciki. Faɗana da wanda zai karɓi cikakken kuɗin saye, dala 70 ko 80, ya miƙo maka haya wadda shi kaɗai ya san ranar ƙarewarta.

Hukumomi sun fara motsawa, ko da yake tafiyar hawainiya suke yi. A watan Satumban 2024 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu kan dokar da ta hana kantin intanet rubuta "saya" a kan abin da lasisi ne, sai dai in ya bayyana wa mai saye haka ƙarara. Ba a jima ba Steam ya saka sanarwa a wurin biyan kuɗi cewa lasisi kake karɓa. Wannan doka ba ta ba kowa mallaka ba, ta dai tilasta a faɗa maka gaskiya kafin a karɓi kuɗinka. A Faransa wata ƙungiyar kare masu saye ta yi nasara kan Valve a 2019, kotu ta ce mutum na da ikon sake sayar da wasan da ya sauke, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2022, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da rushewar a 2024.

Mutuwar The Crew ce ta haifi gangamin da wani mai shirya bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya ƙaddamar a watan Afrilun 2024, yana kira da a daina kashe wasanni. Buƙatarsu ƙarama ce in aka duba. Ba su ce kamfani ya riƙe kwamfutocinsa har abada ba. Cewa suka yi in zai tafi, ya bar wasan yana aiki, ko dai ba tare da intanet ba, ko ya ba 'yan wasa damar kafa nasu kwamfutocin. A watan Yulin 2025 takardar kokensu a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya, adadin da ke wajabta wa hukumar zartarwar Tarayyar ta duba batun ta ba da amsa, ko da yake bai wajabta mata yin doka ba. Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Turai ta mayar da martani cewa hakan zai yi tsada kuma zai ɗaure hannun masu ƙirƙira.

Zai yi tsada ga wasu wasannin, na yarda, musamman waɗanda aka riga aka gina su a kan kwamfutocin kamfani. Amma kantin GOG na ƙasar Foland ya daɗe yana sayar da wasanni ta intanet da za ka sauke ka ajiye a rumbun kwamfutarka, su yi aiki ko kantin yana nan ko ba ya nan. Ubisoft da kansa, da zafi ya yi yawa, ya yi alƙawari a 2024 cewa zai ba The Crew 2, kashi na biyu na wasan, damar aiki ba intanet. Na farkon dai bai waiwaye shi ba. Wasu masoya wasan ne suka zauna da kansu, ba albashi ba umarnin kowa, suka rubuta manhajar da ke kwaikwayon kwamfutocin da aka kashe, kuma a watan Satumban 2025 suka sake ta, waɗanda suke da wasan a kwamfutarsu suka koma kan titi.