Renon zaren naman kaza na magani: laccar da aka yi a Garwa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abubuwa uku zan faɗa in lokaci ya bar mu.

Na farko, me muke reno? Kun san naman kazan nan ja mai ƙyalli, mai tauri kamar katako, da ke fitowa a kututturen bishiya? Shi ne Ganoderma, wanda mutanen Sin suka daɗe suna dafawa suna sha. Mu farin zaren da ke cin itacen daga ciki muke renowa a faranti. Abincinsa dankalin turawa giram 200, a tafasa a ruwa lita ɗaya, a tace, a zuba gulukos giram 20 da garin aga, wani gari mai sa ruwa ya yi kauri, giram 15 don ya daskare.

Sai tsabta. Jama'a, tsabta! Tafasa kaɗai ba ta isa, domin ruwa a digiri 100 yake tsayawa, kuma akwai ƙwayoyin cuta da ke fitowa daga ciki lafiya lau. Sai an sa abincin a tukunyar matsi, digiri 121, minti 15 zuwa 20. Ka rufe taga, ka kashe fanka, balle da hunturu, ƙura ko'ina. Ka goge hannu da tebur da alkohol mai ƙarfin kashi 70. Ka ƙona wuƙa har ta yi ja, ta huce, ka tsaga naman kazan ka ciro ɗan tsokar ciki, inda iska ba ta taɓa ba, ka ɗora a kan abincin da ke faranti. Kuma ba a surutu a kan buɗaɗɗen faranti. Malam, kai da ke dariya, da kai nake! Bayan 'yan kwanaki in ka ga kore-kore, wata fumfuna mai suna Trichoderma ta riga ka. Kada ka buɗe shi a ɗakin. Wani zai ce ai ta irin wannan masanin kimiyya Fleming ya gano maganin penisilin a 1928. Shi Fleming ne, kai dai zubar.

Na nawa muke? Dawa dai. In zaren ya rufe faranti fari fat, a mayar da shi kwalbar dawa da ta sha tukunyar matsi, muskuwari, dawar rani, ma ta yi.

Na'am, Hajiya? Tana tambayar zafin Garwa. Gaskiya kin taɓo inda yake mana ciwo. Zaren nan digiri 25 zuwa 30 yake so, mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40. Mutanen Ngaundere sun huta, garinsu ya fi sanyi. In babu na'urar sanyaya ɗaki, ki jera kwalaben cikin randa, ki binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ki riƙa duba ma'aunin zafi da azahar. Ko kuwa ki haƙura sai damina ta sauka.