Sauri Ya Haifi Nawa: Lacca Kan Yadda Game of Thrones Ya Ƙare

An kwafo daga rikodin ɗin laccar da aka yi wa matasa masu koyon rubuta fim mai dogon zango. An cire gaisuwar farko da wajen da makirfo ya ɗauke.

...toh ana jina yanzu a baya? Yawwa. Nace bari in fara wanke kaina tunda naga akwai iyayenmu a layin gaba. Fim ɗin da zan yi misali dashi ba tallarsa nazo yi ba, akwai tsiraici a ciki akwai zubar da jini, duk wanda ya kalla ya san sai da yatsa a kan remot ake kallonsa. Na ɗauko shi ne saboda a sana'ar nan tamu, a ganina babu fim ɗin da ya hau sama kamarsa kuma ya rikito ƙasa a gaban idon duniya kamarsa.

Tashar HBO ta Amurka ce ta fara haska shi a 2011, daga littattafan George R. R. Martin aka ɗauko labarin, mutum biyu ne suka riƙe ragamar rubutun da shiryawa, David Benioff da D. B. Weiss. Zango 8, kashi 73, aka rufe ranar 19 ga Mayu 2019. Su can ƙarfe tara na daren Lahadi ake sakinsa, mu nan biyun dare ta yi kenan, kuma kashi biyun ƙarshe a cikin azumi suka faɗo, Allah ya yafe mana, ni dai in na tashi sahur sai in sa shi yana sauka da datar dare ina cin tuwo. Ina da aboki tela, shekara da shekaru yana bin fim ɗin nan, a shagon masu tura fim a waya yake karɓa zango zango. Daren da muka kalli na ƙarshe bayan asham na same shi a shago ya kashe keke ya haɗa tagumi ga ɗinkin sallah jibge a gabansa, nace lafiya, yace Malam an cuce mu. Ba cewa yayi fim ɗin bai yi daɗi ba fa, cewa yayi an cuce mu, kamar wanda ya zuba adashi shekara takwas ranar kwasarsa uwar adashi ta gudu. (dariya)

Ba shi kaɗai ba. An buɗe takardar koke a intanet ana neman a sake yin zango na 8 da wasu marubutan, waɗanda suka sa hannu sun haura miliyan ɗaya da rabi. Kuma a daidai lokacin kashin ƙarshen ya kafa tarihin yawan masu kallo a HBO, mutum sama da miliyan 19 a Amurka. Ku riƙe wannan, don akwai furodusan da zai nuna muku lamba yace ai ana kallo. Ana kallo mana. Wanda ya bi ka shekara takwas ba zai tsaya saura kashi biyu ba, ko zagi ne sai ya zo ya kalla ya zage ka.

Yanzu me ya ɓata musu rai? Wasu zasu ce don an kashe wanda suke so ne. A'a. Fim ɗin nan da kashe wanda ake so ya yi suna. A zangon farko kashi na tara aka sare kan Ned Stark, mutumin da kowa ya ɗauka shine jarumin fim ɗin, shine a jikin fosta. A zango na uku aka yanka ɗansa Robb da matarsa mai ciki da mahaifiyarsa a wajen walimar biki. Mutane sun yi kuka, sun yi rantsuwa sun daina kallo, sati ya zagayo suka dawo har da jawo abokansu. Saboda me? Saboda in ka koma baya zaka ga duk matakalar da aka taka. Ned ya je ya faɗa wa sarauniya Cersei cewa ya gano asirinta don tausayin 'ya'yanta, ya bata damar ta riga shi, gaskiyarsa ce ta kashe shi. Robb ya yi alƙawarin auren 'yar wani dattijo mai riƙo sannan ya saɓa ya auri wata. Kowa abin da hannunsa ya shuka ya girba, mai kallo zuciyarsa na ƙuna amma ba zai ce an yi masa ƙarya ba.

Toh ku duba abu ɗaya ƙarami, tafiya. A kashin farko na fim ɗin an faɗa da baki cewa wata guda sarki da tawagarsa suka yi a hanya daga babban birni zuwa Winterfell, garin su Ned Stark a can arewa. Kuma a kan irin hanyoyin nan ne ake gina mutane, biyu da basa shiri a haɗa su tafiya, su yi faɗa su yi hira, kafin su isa kowa ya canja. Jaime Lannister da ya turo yaro daga taga a kashin farko, a hanya aka sare masa hannu, a hanya muka fara jin tausayinsa. Amma a zango na 7, mutum ya ruga da ƙafa a cikin ƙanƙara ya kai saƙo, aka ɗaura wa hankaka ya keta rabin nahiya, sarauniya Daenerys ta hau diragon, wato ƙaton dodo mai tashi yana feso wuta, ta zo ceto, duk su Jon Snow, wanda ya tashi a gidan Ned a matsayin ɗansa, suna tsaye a tsakiyar tafki suna jira kamar masu jiran a daidaita sahu. Daga nan masu lura suka fara cewa anya.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye bane. Littattafai biyar Martin ya fitar, na biyar ɗin a 2011, shekarar da fim ya fara, na shida shiru. Wajen zango na shida fim ya wuce littafi. Martin ya faɗa wa marubutan manyan abubuwan da yake nufin su faru a ƙarshe, amma faɗin inda za a je daban, sanin hanya daban. Sannan suka rage tsawo, da kashi goma goma ake yi, zango na 7 ya koma bakwai, na 8 ya koma shida, alhali shi Martin ya sha faɗa cewa labarin zai ɗauki zango goma har da ɗoriya. Masu kallo da yawa suna zargin hankalin mutanen biyu ya koma kan kwangilar Star Wars da aka sanar a 2018, wannan zargi ne, kuma daga baya ma basu yi aikin ba. Ni abin da ke kan allo nake dubawa.

Mu zo kan Daenerys don nan ne gardamar take. Yarinyar da ɗan'uwanta ya sayar da ita da sunan aure, ta tashi tana 'yanta bayi gari gari, har iyaye a Turai da Amurka suka riƙa sa wa 'ya'yansu mata sunan sarautarta Khaleesi. A kashi na biyar na zangon ƙarshe, birni ya miƙa wuya an kaɗa ƙararrawa, yaƙi ya ƙare ta ci, sai kawai ta hau diragon ta bi unguwa unguwa tana ƙone mata da yara. Masu kare fim ɗin suna da hujja, kuma kar ku raina ta. Suna cewa ai tun da can haka take, ta gicciye masu bayi 163 a birnin Meereen, ta ƙone uba da ɗansa don sun ƙi durƙusa mata, mahaifinta mahaukacin sarki ne, ku ne dai kuka so ta kuka rufe ido. Gaskiya ne an shuka. Ni ma na yarda nan labarin ya dosa, kuma da an yi shi da kyau da ya zama darasi babba a kan mai ceton talaka da mulki ya juyar masa da kai, abin da mu nan ba sai an fassara mana ba. Amma duk waɗanda ta kashe a baya abokan gaba ne, talaka kuwa kullum shi take karewa. Daga can zuwa ƙone jariri akwai nisa, sai aka ce mu tsallake nisan nan a kashi biyu, a kashe mata amintaccen bafadenta, a harbo diragon ɗinta, a sare kan aminiyarta, saurayi ya juya baya, shikenan ta haukace. Abin da ya kamata ya ci zango guda ana ganin yana cinta a hankali. Diragon ɗin ma da aka harbo daga jiragen ruwa, da aka zo bayani ɗaya daga cikin marubutan cewa yayi wai ta ɗan manta da rundunar ruwan abokan gaba ne. Ta manta! Ku kuwa duk ranar da kuka ji kanku kuna cewa jarumata ta manta don wani abu ya samu ya faru, ku ajiye biro ku je ku sha ruwa.

Haka Jon Snow, shekaru ana ta jan rai a kan waye ubansa wacece uwarsa, aka bayyana shine magajin sarauta na asali, ƙarshe asirin bai tsinana komai ba sai haɗa shi faɗa da Daenerys, ya kashe ta aka kora shi arewa. Aka ɗora Bran ɗan Ned, wanda aka turo daga taga, a kujerar sarauta da hujjar wai babu mai labari kamar nasa, yaron da a zango na biyar gabaɗaya ko fuskarsa ba a nuna ba.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Yaƙin dare na kashi na uku da aka ce an kwashe dare 55 ana ɗauka ya yi duhu, ni a waya na kalla har na ɗauka sikirin ne ya mutu, mai ɗaukar hoton yace matsalar daga saitin talabijin ɗin mutane ne. Aka manta kofin kofi na zamani a kan tebur a kashi na huɗu. Da labari na tafiya daidai da dariya za a yi a wuce, amma in aka tsani mutum ko tafiyarsa laifi ce.

Mu dawo gida. Tunda Kannywood ta karkata ga dogon zango, musamman daga 2020 da korona ta zaunar da kowa aka koma YouTube da Arewa24, mu ma mun san irin wannan gardamar. Kun tuna cacar bakin da aka yi lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, wasu suka ce sun haƙura wasu suka ce a bata lokaci. Wannan ko babu laifin marubuci yana faruwa, jarumi mutum ne yana da rayuwarsa. Inda laifinmu yake daban ne, kuma kishiyar na Turawan ne. Su sun ruga, mu ja muke. Duk sati sai an saki kashi, kuɗi na shigowa da yawan kallo, sai kaga zance ɗaya an yi shi a falo an maimaita a mota an sake a waya, ana lokeshan ana jiran marubuci ya turo sin na gaba ta WhatsApp, in labari ya ƙare a ƙirƙiro kishiya ko a sa wani ya yi hatsari ya manta kowa. Tushen ɗaya ne da nasu, an fara gini ba a san ina ƙofa zata kalla ba. Ni shawarata kafin ka rubuta kashin farko ka rubuta na ƙarshe ko a shafi ɗaya ne, ka jera matakalar da zata kai kowane babban jarumi can, ka ƙirga, abin da ka samu shine tsawon fim ɗinka, ba abin da furodusa ya ce ba. Na san za ku ce shi ke biya. Eh shi ke biya, amma sunanka za a zaga.

Naga hannu. Bismillah Hajiya.

Tambayarta ga waɗanda basu ji ba, tace toh kenan sai marubuci ya riƙa bin abin da masu kallo suke so? A'a Hajiya. Da an bi son masu kallo da Ned Stark na nan da ransa, da kuma babu wanda zai tuna fim ɗin. Takardar koken nan ma ni ban sa hannu ba, HBO bata sake komai ba, wasu daga cikin jaruman kamar Sophie Turner sun ce rashin mutunta ma'aikatan da suka sha wahala ne, kuma a Satumbar 2019 zangon da ake zagi ya ci kyautar Emmy ta gwarzon shirin dirama. Mai kallo bashi da ikon ya zaɓa miki ƙarshe. Abin da yake binki shine duk abin da kika ɗora masa a rai ki sauke masa, in kin ce asirin nan babba ne toh ya zama babba ranar da ya fashe. Abokina tela da aka fara House of the Dragon, fim ɗin da ke ba da labarin kakannin Daenerys, a 2022 na kai masa har shago a filash, ko karɓa bai yi ba, yace in je in kalla har a gama gabaɗaya, in ƙarshen ya yi kyau in dawo in faɗa masa.

An miƙo min takarda lokacin sallah ya yi, sauran tambayoyin sai mun dawo.