Daga biron malami zuwa ɗakin ajiya: yadda ake ceto takardun malaman jami'a

Ku dubi wannan ƙofa. Biron malamin jami'a ne da ya shekara talatin yana koyarwa, yau ya ajiye aiki. Wanda zai gaje shi na jiran makulli, an kuma ce wa mai shara ya kwashe tarkace kafin Litinin. A irin wannan mako ne takardun malamai suke salwanta. Wasu a cinna musu wuta bayan gini, wasu su tafi gida cikin buhu har gara ta gano su, wasu kuma ku tsince su a hannun mai ƙosai, an naɗe muku kalaci da su. Aikin ma'aikacin arshif, wato mai adana takardun tarihi a ɗakin karatun jami'a, shi ne ya riga mai shara isowa.

Jami'ar Yamai ta soma a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin hasken rana da ya rasu a 1991. Ku ƙirga da kanku: waɗanda suka riƙe alli a shekarun farko duk sun ajiye shi, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Takardunsu kuwa suna nan warwatse a gidaje.

To me ake nema a ciki? Iyalai kan fara miƙo littattafan da ke kan kanta, alhali littafin da aka buga akwai irinsa a wasu wurare. Abin da ba shi da na biyu shi ne wanda ake yi wa kallon shara: kayen da malam ya cika a ƙauye lokacin bincike, wasiƙun da suka yi musaya da takwarorinsa, darasin da ya riƙa gyarawa shekara bayan shekara, rubutun farko na tezin ɗalibai da jan bik ɗinsa a gefe, hotuna, da kaset. Malamin tarihi da ya zauna da dattawan Adar a shekarun 1970 ya naɗi muryarsu, dattawan nan sun tafi, kaset ɗin kaɗai ya rage. Masanin ƙasa da ya auna zurfin rijiyoyi ya buga sakamako a shafi goma, amma lambobin kowace rijiya suna cikin kayensa, su ne mai bincike na yau yake buƙata don ya gane ko ruwan ƙasa ya hau ko ya sauka.

A ziyarar farko ba a ɗaukar komai. Ana ɗaukar hoton kowace kanta da kowace aljihun tebur yadda aka same su. Ana auna yawan takardun da mita, ba da ƙirga shafi ba: kwalin arshif mai kaurin santimita 10, guda goma ke cika mita ɗaya, da wannan lissafi ake sanin kwali nawa za a saya da gurbi nawa za a ware. Idan malam na raye, a zauna da shi awa guda da na'urar ɗaukar murya. Wane ne wannan da ya ke taƙaita sunansa da harafi ɗaya? Wane gari ne wannan hoton? Amsar da zai bayar a minti biyu, bayansa sai a shekara ana nema. Idan kuma ya rasu, a bari sai bayan sadakar arba'in, kuma a tuna takardun nan gado ne. Yardar ɗa guda ba ta isa ba, sai wanda magada suka wakilta ya sa hannu.

Sa hannun nan a kan yarjejeniya rubutacciya ne. Ta faɗi ko kyauta ce ko amana ce da za a iya karɓewa wata rana, ta faɗi abin da za a yi da wanda ba a ɗauka ba, da abin da iyali ke so a rufe da tsawon shekarun rufewar. Mallakar takarda daban, haƙƙin buga abin da ke cikinta daban, sai an rubuta kowane. Akwai kuma wurin da ake yawan samun saɓani: idan malam ya taɓa shugabantar sashe, rahoton taro da wasiƙun mulki da suka zauna a bironsa na jami'a ne, ba sa cikin gado.

Yanzu ga inda masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Mutum ya ga tarin takardu a hargitse, sai ya zauna ya ware: wasiƙu gefe, hotuna gefe, taswirori gefe. Ya gyara a ganinsa, alhali ya yanke igiyar da ta ɗaure su. Hoton da babu rubutu a bayansa, muddin yana cikin dosiye ɗaya da wasiƙar 1984 daga Tawa, mun san inda aka ɗauke shi da lokacin. Da zarar an jefa shi cikin kwalin hotuna, ya zama hoton wasu mutane a gindin wata bishiya. Saboda haka ƙa'ida biyu ke riƙe da wannan sana'a. Ta farko, takardun mutum guda ba a cuɗa su da na wani, ko da kan abu ɗaya suke magana. Tun 1841 hukumomin Faransa suka rubuta ta don ma'aikatan arshif ɗinsu. Ta biyu, yadda mai takardun ya jera abinsa haka za a bar shi. Shi ya sa wajen kwasa ake bin kanta daga hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa, kowane kwali a rubuta masa lamba da gurbin da ya fito.

Kwalayen ba sa shiga ɗakin ajiya kai tsaye. Ana keɓe su a wani ɗaki dabam, a buɗe, a duba. Garin takarda a ƙasan kwali, ƙananan ramuka, kashin ɓera, ƙwan kyankyaso, ko warin ruma, duk alama ce. Kada a fesa maganin ƙwari: yana ɓata takarda, yana cutar da mai karantawa, kuma sau da yawa ƙwai na tsira. Abin da ke aiki shi ne sanyi. A sa takardun da suka bushe cikin leda mai kauri, a matse iska, a liƙe, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda. In wuta ta ɗauke har kayan suka huce, a sake ƙirga kwanakin daga farko. Bayan fitarwa a bar ledar a rufe kwana ɗaya, don raɓar da za ta taru ta tsaya a jikin leda. Kaset da disket ba sa shiga firiza.

Sai shara, shafi bayan shafi, da buroshi mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, da takunkumi a hanci. Hannu wankakke busasshe ya fi safar auduga, wadda ke sa yatsu su kasa jin takarda har su yaga ta. Hotuna ne kawai ake taɓawa da safar roba. Duk ƙarfe sai ya fita, agaraf da turambon, domin suna tsatsa su ci takarda, su bar jan tabo. Robar ɗauri kan narke ta manne. Iskoc kuwa, wato ledar liƙi mai gam, bayan ƴan shekaru ledarsa ta faɗi, gam ɗin ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Haka liƙe takarda cikin leda da zafi, abin da muka saba yi wa takardar haihuwa: a arshif haramun ne, don ba ya warwaruwa. Takardar faks ta da, mai santsin nan, rubutunta na gushewa da kansa, zafi kuma na baƙanta ta, sai a yi mata fotokopi tun ana iya karantawa. Yankan jarida a raba shi da maƙwabtansa da farar takarda, domin sinadarin asid da ke cikinsa na tsallakawa ya rina su.

Kowane dosiye sai ya shiga shamiz, wato bangon sa takardu, marar asid, kada kaurinsa ya wuce santimita biyu. A rubuta lamba da fensir, ba da bik ba. Kwalin da bai cika ba a cike gurbin da kwali ninkakke, in ba haka ba takardun su lanƙwashe. Daga nan a rubuta jagorar da mai bincike zai bi: wane ne mai takardun, daga wace shekara zuwa wace, mita nawa, ta wace hanya suka iso, sannan bayanin kowane dosiye. Akwai tsarin duniya na yin wannan, ISAD(G), wanda ya fito a 1994. Ba a bayanin takarda ɗaya-ɗaya, mai yin haka ba zai gama kwali hamsin ba har ya ajiye aiki shi ma.

Ɗakin ajiya a Yamai shi ne babban gwaji. Littattafan sana'a na cewa digiri 16 zuwa 20, danshi kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, hunturu na busar da takarda har ta riƙa karyewa, ƙura na shiga ta kowace kafa, Agusta kuma ya zo da laima. Ƙarin digiri biyar kacal na kusan ninka saurin lalacewar takarda mai asid. Duk da haka, kilim da ake kunnawa da safe a kashe da yamma ya fi rashinsa illa, domin takarda na shan danshi tana fitarwa kullum, tana kumbura tana motsewa. Ɗaki na tsakiyar gini, mai kaurin bango, marar taga ta yamma, wanda yanayinsa ba ya tsalle, ya fi. Kwalin kansa ma garkuwa ne daga ƙura da haske. Kanta ta zama ta ƙarfe, ba katako ba, ta ɗaga santimita 15 daga ƙasa, kada ta jingina da bango, don a riƙa ganin hanyar ƙasa da gara ke ginawa. A duba bangon kowane mako a damina. Danshi in ya wuce kashi 65, fumfuna ta samu wurin zama.

Jami'ar tana Harobanda, a tsallaken kogin Isa, ɓangaren da ambaliyar 2020 ta yi wa ɓarna ƙwarai. Arshif ba ya zama a ƙasan gini a irin wannan wuri. In ruwa ya taɓa takarda, awa 48 ake da su kafin fumfuna ta fito. A shimfiɗa a inuwa, a kunna fanka, a riƙa sa busasshiyar takarda tsakanin shafuka ana canzawa. Kada a shanya a rana. Wanda ba za a iya busarwa cikin kwana biyu ba a daskarar da shi har a samu hannu.

Kaset kuwa, abu na farko a karya ƴan haƙoran nan biyu na samansa, don kada wani ya naɗi sabon abu a kai bisa kuskure. A ajiye shi a tsaye, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗiso. Kaset mai minti 120 zarensa siriri ne, shi ya fi saurin tsinkewa, a fara juyar da shi zuwa kwamfuta, a tsarin WAV da ba ya rage ingancin sauti, ba MP3 ba. A nan Yamai akwai waɗanda suka daɗe da irin wannan kaya: cibiyar CELHTO mai aiki kan tarihin baka, da kuma cibiyar bincike ta IRSH da ke riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami, ciki har da waɗanda marubucin nan Boubou Hama ya tattara. Tuntuɓarsu ta fi koyo da hannu a kan kaset guda da babu kofensa.

Kwamfutar malam da disket da kile USB sun fi takarda gajeren rai. Kada a kunna a fara buɗe fayiloli, buɗewa kaɗai na iya canza kwanan watan da ke jikinsu. A kwafe duka ta na'urar da ke hana rubutu a kan na asali, a ciro wa kowane fayil lambar tantancewa, irin SHA-256, a riƙa gwadawa duk shekara ko wani abu ya sauya. Kofe uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. Takardar da aka yi wa sikan kuma, a dpi 300 aƙalla, wato ɗigo 300 a kowane inci, ba a jefar da ita.

Kafin a buɗe wa jama'a, a cire abin da ya shafi sirrin wasu: makin ɗalibai, wasiƙun shaida, takardun likita, hirar da mai ita ya ce kada a ambaci sunansa. A rufe su a shamiz dabam, a rubuta shekarar buɗewa a jiki. Sauran sai teburin karatu. Mai bincike ya ajiye jaka da bik da ruwan sha a ƙofa, a ba shi kwali ɗaya, ya fitar da dosiye ɗaya. A gurbin da dosiyen ya fito a soka kati mai ɗauke da lambarsa da sunan mai karatu da ranar, kuma katin ba ya fita sai dosiyen ya koma wurinsa.