Gudun barewa, jikin ƙwai: yadda ake riƙe Weavile da ire-irensa a gasar Pokémon

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Maradi nake magana da ku, unguwar Zariya. In kun ji ƙarar kabu-kabu a bayan muryata ku yi haƙuri, ɗakin namu a bakin titi yake.

Ku dubi allon nan. Lamba biyu ce: 349 da 350. Maki ɗaya tak ke tsakaninsu, kuma makin nan ɗaya shi ya sa na yi dare uku ina fifita gawayi ina dafa wa ƙannena shayi a fada, alhali ni ne babba. Dokar fadarmu ke nan, wanda aka ci shi ke riƙe buta. Zan dawo kan lambobin, amma bari mu fara daga tushe saboda baƙinmu.

Wasan Pokémon ya fara fitowa a Japan a 1996, kamfanin Game Freak ya ƙirƙiro shi, Nintendo ya fitar. Mu a nan galibi ba Switch, na'urar wasan Nintendo, muke riƙewa ba, kuɗinta ba wasa ba ne. A Pokémon Showdown muke karawa, wanda ake buɗewa kyauta a salula, in dai rezo ya yi kyau. Kowa ya zo da dodanni shida. A kowane zagaye kai da abokin karawarka kuna zaɓar abin da za ku yi a ɓoye, sannan wasan ya duba wa ya fi sauri, ya ba shi bugun farko. Wasan ba ruwansa da tazara. Ka fi ni da maki ɗari, ka fi ni da maki ɗaya, hukuncin ɗaya ne. In kuwa saurin ya zo daidai, sai ya jefa ƙuri'a, rabi da rabi.

Ga dodon namu na yau, Weavile. Masu buga wasan da Faransanci sun san shi da Dimoret. Ya shigo ne a wasannin Diamond da Pearl, a 2006, kuma jinsinsa biyu ne, duhu da ƙanƙara; jinsi shi ke nuna irin bugun da dodo ke tsoro. Lambobinsa na asali: sauri 125, ƙarfin duka 120. Sai ku sauko ƙasa: jini 70, tsaro 65. Wannan ita ce cinikayyar. An ba shi ƙafa da farce, an hana shi fata. Bugun jinsin faɗa ma ninki huɗu yake shigarsa, don duhu da ƙanƙara duka biyun suna tsoron faɗa.

To daren da na ce muku. Kowa ya rage da dodo ɗaya, ni Weavile, ƙanena Gengar, wato Ectoplasma a Faransanci. Gengar fatalwa ne, bugun duhu ninki biyu yake yi masa, kuma saurinsa na asali 110 ne, ƙasa da nawa da goma sha biyar. Na gyara zama, har na ce wa yaron ya tashi ya nemo gawayi. Na danna Knock Off, bugun duhu. Sai ga Gengar ya riga ni. Focus Blast, bugun faɗa da sau uku cikin goma yakan kuskure, ranar bai kuskure ba. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wane hali ka sa masa?"

Nan ne matsalar. Kowane dodo ana zaɓar masa hali, kuma galibi halin yana ƙara kashi goma cikin ɗari a wani fanni ya rage a wani. Ni kwaɗayin ƙarfi ya ja ni na sa Adamant, mai ƙara duka. Da wannan hali, a mataki na 100, ko ka zuba duk makin horo 252 a sauri, Weavile 349 yake tsayawa. Gengar mai halin Timid, shi ma an cika masa horo, yana kai 350. Da Jolly na sa, da ina da 383, da yaron ne ya riƙe buta. Don haka ra'ayina ba ya rawa a nan: dodon da ba ya iya shan duka, kada ka rage masa sauri don ƙarin ƙarfi, sai in ka zauna ka lissafa sunan duk wanda zai wuce ka kuma ka yarda da asarar. Alakazam mai Timid ma 372 ne, shi ma yana cikin ratar nan.

Amma ko ka gyara hali, ba ka gama ba. Abin da ya fi kashe irin wannan dodo shi ne ƙofar da aka shigo da shi. A wasan nan, canjin dodo yana faruwa kafin kowane bugu. Ma'ana in ka janye wani ka turo Weavile, bugun da aka shirya wa na farkon a kansa zai sauka. Saurinsa bai yi masa amfanin komai ba a wannan zagayen, bai ma ɗaga hannu ba tukuna. Wanda ya taɓa zuwa filin kokowa lokacin gasar takobi ya san irin ɗan kokowar nan siriri mai zafin nama, wanda in ya samu ƙafarka kafin ka daidaita tsayuwa ka tafi ƙasa. Shi wannan in ƙato ya riga ya rungume shi ƙirji da ƙirji, zafin naman ya ƙare. Duk dabararsa ita ce kada a fara kamun a yadda ƙaton ke so.

Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce bayan wani naka ya faɗi. Lokacin nan shigowa kyauta ce, babu bugun da ke jira. Shi ya sa wani sa'in za ka ga gwani ya bar dodon da jininsa ya kusa ƙarewa ya sha bugun ƙarshe da gangan, don ya buɗe wa mai saurin hanya. Sabon shiga yakan ga kamar ɓarna ce.

Wadda na fi so kuwa ita ce ta U-turn. Wannan bugu ne da dodo ke yi sannan ya koma, ka turo wani a madadinsa. Sirrin shi ne mai yin sa ya zama mai nauyin jiki. Ku ɗauki Corviknight, tsuntsun ƙarfen nan da ya zo a Sword da Shield a 2019, saurinsa 67 ne. Abokin karawa ya riga shi bugu, shi ya shanye da fatarsa mai kauri, sannan ya yi U-turn a ƙarshen zagaye, Weavile ya sauko fili babu ko ƙwarzane. A nan rashin sauri ya zama alheri. Volt Switch ma haka yake aiki, sai dai ba ya taɓa jinsin ƙasa, kuma in bai taɓa ba ba ya komawa.

Akwai ta uku, ta masu ƙarfin zuciya: ka hango bugun da za a yi. Bugun Psychic ba ya yi wa jinsin duhu komai, to in ka tabbata shi ke tafe, shigo da Weavile. In ka yi kuskuren hasashe, ka san sauran.

Yanzu duwatsu. Stealth Rock, ko Piège de Roc a Faransanci, tarko ne da ake zubawa a gefen filinka, duk dodon da ya shigo sai ya taka. Yawanci kashi ɗaya cikin takwas na jini yake ci, amma ƙanƙara tana tsoron dutse, don haka Weavile rubu'in jininsa yake bari a bakin ƙofa duk shigowa. Ku ga abin da wannan ke nufi a lissafi. Jininsa 281 ne. Bugun Earthquake na dodon nan Garchomp mai Jolly, wanda ba ya riƙe da kayan ƙarin ƙarfi, yana cire tsakanin 232 da 274, in ba bugun sa'a ya faɗo ba. Weavile mai cikakken jini zai tsira da ƙyar ya rama. Wanda ya taka duwatsu ya rage da 211, ya tafi ke nan. Tarkon da aka zuba tun zagaye na biyu shi ke yanke hukunci a zagaye na ashirin.

Wannan ya kawo mu kan kayan da dodo ke riƙewa, guda ɗaya kacal ake ba shi, kamar a ce wa ɗan kokowa ya zaɓi guru ɗaya cikin gurayensa. Sabbin shiga duk Focus Sash suke rugawa, Ceinture Force a Faransanci, don tana hana ka faɗuwa da bugu ɗaya, ta bar maka ɗigon jini guda. Sharaɗinta shi ne jininka ya kasance cike. Ka taka duwatsu, guru ya karye. Guguwar yashi ta ƙwarzane ka, ya karye. Bugun da ke sauka sau biyu ko uku a jere ma yana ratsa ta. A karawar ɗaya da ɗaya ni Heavy-Duty Boots nake sa masa, takalman da ke hana tarko aiki, don ya shiga ya fita sau uku sau huɗu. Life Orb tana ƙara ƙarfi da kashi 30 cikin ɗari amma tana cin ushirin jininka duk bugu, Choice Band tana ƙara rabin ƙarfi amma ta ɗaure ka a bugu ɗaya har sai ka fita. A gasar VGC ta hukuma kuwa, inda ake biyu da biyu, ka kawo shida ka zaɓi huɗu, wasan gajere ne kuma ba a cika zuba duwatsu ba. A can Focus Sash tana da daraja sosai.

Gaba da gabanta, in ji Hausawa, aljani ya taka wuta. Garchomp ɗin nan saurinsa 333 ne, yana bayanka nesa. Ɗaura masa Choice Scarf, wadda ke ƙara rabin sauri amma ta ɗaure dodo a bugu ɗaya, ya koma 499. Ba a rubuta a goshinsa cewa yana ɗauke da ita ba, sai ka lura. In ka ga mutum ya turo dodon da ya san ka fi shi sauri kuma ka fi ƙarfinsa, ya turo shi gabanka hankali kwance, to ka yi zargi. Ba wawa ba ne.

Sai bugun da ke tsallake layi, wanda ba ya duba sauri sam. Scizor saurinsa 65 ne, amma Bullet Punch ɗinsa yana riga duk bugun da ba ya tsallake layi, ƙarfe ne, ƙanƙara tana tsoron ƙarfe, kuma baiwarsa ta Technician tana ƙara wa ƙananan bugu rabin ƙarfi. In an cika masa horon duka, bugu ɗaya ya ishi Weavile. Mach Punch, na jinsin faɗa, ya fi muni, ninki huɗu. Muddin ɗaya daga cikin waɗannan yana raye a wancan gefen, naka ya buga ya gudu ne, ba ya zama. Shi ma Weavile yana da nasa, Ice Shard, kuma Garchomp ninki huɗu yake jin ƙanƙara. Sai dai ku kula, ba ya kayar da mai cikakken jini, wajen kashi uku cikin huɗu ko ɗan fiye yake cirewa. Sai an riga an rage masa.

Shanyewar jiki tana raba sauri biyu, wato Thunder Wave ɗaya ta mai da barewarka jaki. Trick Room kuma tana juya tsarin gaba ɗaya na zagaye biyar, mai nauyi ya riga mai sauri. Wannan bidiyo ne na daban.

Abin da na faɗa bai tsaya kan Weavile ba. Pheromosa tana da sauri 151 da ƙarfi 137, tsaronta 37. Regieleki saurinsa 200, babu wanda ya kai shi a lambar asali, tsaronsa 50. Duk ɗabi'arsu ɗaya. Ina buɗe wasa, kafin na danna komai, sai na dubi shidan abokin karawa na ƙirga su wa ke iya tare nawa: mai tsallake layi, wanda nake zargi da Scarf, da katangar da ke shanye bugunsa. Galibi biyu ne ko uku. Sauran dodannina biyar aikinsu su gajiyar da waɗannan. Mai saurin yana zaune a inuwa har sai hanya ta buɗe.

Dare na huɗu muka sake haɗuwa da yaron. Kuran ya ɗauke, muna zaune da hasken salula. Na share duwatsu da Defog, na bar Corviknight ya sha Shadow Ball na Gengar, na yi U-turn, Weavile ya sauko da Jolly ɗinsa, 383. Na danna Knock Off ina murmushi. Gengar ya sake riga ni. Gabana ya faɗi, ashe Scarf ya ɗaura masa, ya koma 525. Amma Scarf ta ɗaure shi a Shadow Ball, kuma duhu rabin bugun fatalwa yake ji. Kashi ɗaya cikin uku na jini kawai ya tafi. Knock Off ta sauka.

Ya yi shiru, ya ajiye salula, ya jawo buta. "Yaya, sukari ya ƙare," in ji shi. Ina kallon ƙullin sukarin a aljihun rigarsa.