Todor Kolev, Ɗan Wasan da Ya Sa Bulgeriya Dariya

Jama'a masu kallo, ku dubi wannan mutumin da kyau. Ya sha kwat, yana tafiya cikin ƙasaita, yana magana a hankali kamar wani babban ma'aikacin gwamnati. Ba ya murguɗa baki, ba ya tsalle-tsalle. Amma da zarar ya bayyana a allo, 'yan ƙasar Bulgeriya sai su fara murmushi tun kafin ya ce uffan. Sunansa Todor Kolev, mutanensa kuma suna masa laƙabi da Adama.

An haife shi ranar 26 ga Agusta, 1939, a garin Shumen da ke arewa maso gabashin Bulgeriya. Ya yi karatun wasan kwaikwayo a babbar makarantar koyon wasan da ke Sofiya, babban birnin ƙasar, ya kammala a 1965. Daga nan ya yi ta aiki a gidajen wasa na garuruwa irin su Smolyan da Shumen da Plovdiv, kafin ya dawo Sofiya ya zauna.

Abin da zai ba ku mamaki, fim ɗin da ya fara fito da shi sosai babu dariya a cikinsa ko kaɗan. A 1972 ya fito a Koziyat Rog, wato ƙahon akuya, wanda Metodi Andonov ya ba da umarni. Labarin ramuwar gayya ne a zamanin da Daular Usmaniyya ta Turkawa ke mulkin Bulgeriya, kuma Kolev na cikin mugayen da suka jawo masifar. Wannan ya nuna tun farko cewa cikakken ɗan wasa ne, barkwanci kuwa hanya ce da ya zaɓa.

Zamaninsa na gaske ya zo a farkon shekarun 1980, da finafinai uku a jere.

A 1980 ya yi Dvoynikat, inda ya hau mutum biyu masu kama ɗaya: malamin jami'a mai natsuwa, da ɗan uwansa ɗan kasuwa mai wayon tsiya. Suka yi musayar matsayi. Ɗan wayon ya shiga cikin masu boko ya yi ta cin karensa babu babbaka, malamin kuwa ya rasa yadda zai yi da duniyar 'yan kasuwa.

Sai 1983, Gospodin za Edin Den, ma'ana mai gida na kwana ɗaya. A ganina nan ne ya fi nuna gwaninta. Ya fito a matsayin Purko, talakan ƙauye mai tarin 'ya'ya, mai busa kilarinet, wata sarewa ta Turawa. Kullum yana da sabuwar dabarar fita daga talauci, kullum idonsa na kan Amurka. Ranar da ya sa kwat ya ratsa ƙauye, kafaɗa a sama, sai ka ga yadda sutura kaɗai ke sauya yadda mutane ke gaishe ka. Amma 'yan damfara sun riga sun gama da shi. Kana dariya, tausayi kuma na cin ka, domin Purko ba wawa ba ne. Mutum ne da talauci ya matse har ya yarda da duk wanda ya yi masa alkawarin gobe.

A 1984 kuma ya juya ya zama ɗan damfarar da kansa, a Opasen Char na Ivan Andonov. Mutum mai zaƙin baki, yana sauya suna kamar riga, yana yaudarar matan da kaɗaici ya dama, ya kwashe abin hannunsu ya ƙara gaba. Har yau 'yan Bulgeriya na jefa kalaman wannan fim a hirarsu.

To me ya sa waɗannan finafinai suka shiga ran mutane haka? Ku tuna lokacin. Bulgeriya na ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, Todor Zhivkov na riƙe da ragama tun 1954. Ba a sukar gwamnati a fili. Sai dai mai barkwanci na iya nuna ɗan cuwa-cuwa, da mai neman shiga ta hanyar sanayya, da mai ƙaryar arziki, kowa a gidan kallo ya gane inda aka dosa ba tare da an kama suna ba. Kolev ya ƙware a wannan. Da ɗaga gira ɗaya, ko ɗan shiru kafin ya ƙarasa zance, sai ya isar da abin da ba a faɗa da baki.

Kuma mawaƙi ne. Yakan tsaya a dandamali da makaɗa a bayansa, ya rera, ya tsaya ya ba da labari, ya koma waƙa. Wata shahararriyar waƙarsa tambaya ce: yaya za mu kamo Amurkawa? Ta dace da lokacin da ƙasar ke fita daga tsohon tsari, mutane na hangen Yamma aljihu babu komai.

Bayan faɗuwar Zhivkov a Nuwamban 1989, Kolev ya shiga siyasa. Aka zaɓe shi a 1990 cikin babbar majalisar da ta rubuta sabon tsarin mulki, a ɓangaren 'yan adawa na haɗakar jam'iyyun dimokuraɗiyya. Daga baya ya yi aikin raya al'adu a ofishin jakadancin ƙasarsa a Kanada. Bai daɗe ba ya koma inda ya fi wayo, dandamali da talabijin, yana gabatar da shirye-shiryensa.

Ciwon dajin huhu ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Sofiya ranar 15 ga Fabrairu, 2013, yana da shekara 73. Tashoshin talabijin na ƙasar har gobe suna maimaita finafinan nan uku, yaran da aka haifa bayan rasuwarsa ma sun san Purko da kilarinet ɗinsa.